Ranar Jefa Gicciye a Tafkin Kalina

"Naum, don Allah mai da rigarka..."

Dafina ce ke roƙonsa. Sanyin Janairu har cikin ƙashi, ga Naum tsaye cikin samari a kan katakon da jiragen ruwa ke tsayawa, suna jiran limamin coci ya jefa gicciye a tafki su yi rige-rigen ɗaukowa, kamar kowace shekara.

Naum makiyayi ne daga kan tudu. Ruwan da ya wuce gwiwa bai taɓa shiga ba.

"Risto ya ce babanki ya rantse, wanda ya fito da gicciyen shi zai aure ki."

"Ƙarya yake! So yake ka mutu ya samu filin aurena!"

"In na ja da baya yanzu, da wane ido zan dubi gidanku, masoyiyata?"

Kakarta ta fizgo ta. "Sauko, 'yar nan! Mace ba ta taka katakon nan yau."

Kowa ya san dalili. A nan wata amarya, Kalina, ta tsaya tana kallo mijinta ya nutse a rana irin ta yau. Shekara arba'in tana kunna wa masunta fitila a wurin, su kuma suna cewa "mu sauka wajen Kalina", har sunan ya bi garin. Mutane na alfahari da labarin. Dafina kuwa tun tana yarinya tsoro yake ba ta.

Gicciye ya faɗa ruwa. Samari suka bi shi.

Kawuna suka fara ɓullowa, ɗaya, biyar, goma... Risto ya ɗaga gicciye yana ihu.

Babu Naum.

"Naum!"

Sowar jama'a ta danne muryarta. Ta ji ita ce Kalina, a tsaye, tana kallo.

Ba ta san lokacin da ta ture hannun kakarta ba. Ta haye katakon a guje ta faɗa tafkin.

Sanyin ya yanke mata numfashi. Ta laluba cikin duhun ruwa, babu... ta sake, babu... sai yatsunta suka kama gashi.

Babanta da kansa ya jawo su cikin kwalekwale, shi da ya sha cewa ba zai haɗa jini da mai warin tumaki ba. Ya danna ƙirjin Naum, ya sake dannawa.

Naum ya yi tari, ruwa ya zubo.

"Gicciyen..." ya ce da ƙyar.

"Yi mini shiru, sakarai!" Kuka take tana rungume da kansa.

Baban nata ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓe su tare. "Ban taɓa yin wannan rantsuwar ba, ɗana. Ka turo manyanka ranar Lahadi."

Daga gaɓa kakar ta ɗaga murya. "Kin karya al'adar garinmu, Dafina!"

Dafina ta ɗago, haƙoranta na kaɗawa.

"Na karya, Kaka. Ni ba na son a sa wa gari sunana. Mijina nake so."