Ƙwaryar Filaskon Baba Alhusaini

An sako maigidana, Yaya Halima! Ga shi can tsakar gida shina cin tuwo da ɗiyarsa bisa cinya. Tsaya in ba ki daga farko. Abin da ban gani ba, maigidana ya ji da kunnensa a komiseriya, ofishin 'yan sanda.

Kin san Baba Alhusaini, wanda maigidana ke yi wa ban ruwa a garka, lambunsa. Cikinsa ya ɗaure, sai ya sa maigida ya tsinko filasko bayan gari, mai furen nan rawaya, ya dafa masa. Da la'asar anka iske tsoho a garka ba rai, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, ga ƙwarya da sauran magani. Mutane sunka ce mai dafawa ne. 'Yan sanda sunka tahi da maigida, ina biye da goyo ina kuka.

Sufeto Almustafa ya daɗe tsugune gaban gawar.

"Filasko ba ya lanƙwasa mutum," ya ce wa ɗan sandansa. "Haka dila ke mutuwa in an sa wa mushe guba. Rufe ƙwaryar nan, kada kowa ya taɓa."

Da safe ya iske maigida kwance a ɗakin tsaro, ya galabaita, masu gadi sun gaji da raka shi bayan gida.

"Me ke damunka?"

"Filasko ne, ranka shi daɗe. Nan ba a miƙa wa babba magani sai ka fara sha. Na sha sosai."

"Kai ka miƙa masa?"

"A'a. Isufu, ɗan ƙanensa, ya karɓa ya ce shi zai kai garka."

Anka kira Isufu. Ya zo da jajayen ido, shina share hawaye da rawani.

"Ka sha kafin ka miƙa wa baffanka?"

"Na sha a gabansa, yallaɓai. Ai Baffa ba zai karɓa ba sai ya ga haka. Yaron can ya cika ganye, ni ma na kusa tahiya. Wuni na yi cikina na gudu."

"A ina ka wuni?"

"Hanyar Barmou, cikin babbar motar Abdu."

Sufeto ya tahi tasha da kansa. Abdu direba shina ƙarƙashin mota, ya leƙo.

"Isufu? Gaba ya zauna kusa da ni. Bai ce in tsaya ba ko sau ɗaya. Tsire ya ci, ya yi ta minshari har Barmou. Wanda ya sha filasko, yallaɓai, ai ba ni ɗaukarsa ko da ya roƙa."

Sufeto ya koma ofis, ya ajiye ƙwaryar gaban Isufu.

"Ka ce ganye ne ya yi yawa. To ga saura, bai kai ludayi ba. Shanye ka tahi gida."

Isufu ya dubi ƙwarya. Ya miƙa hannu, ya janye.

"Ina azumi."

"Na ga goro a bakinka da ka shigo. Sha."

Sai Isufu ya zube ƙasa ya faɗi gaskiya. Wai tsoho ya ce zai bar wa ɗiyarsa garkar, shi kuwa tun shina yaro yake haƙa rijiyoyinta. A hanya ya zuba gubar dila.

"Na kai ƙwarya baki, na rufe leɓe, na yi kamar na haɗiye. Idonsa ba ya gani sosai. Ya karɓa ya ce Allah shi yi mini albarka."

Sufeto ya ɗauki ƙwaryar ya shanye, don sabon filasko ne ya sa anka dafa, na asali yana wurin likita. Anka sa wa Isufu ankwa, anka bi da shi ta ƙofar baya.

Jiya munka je gaisuwa. Ɗiyar tsoho ta riƙe hannuna.

Don Allah ki faɗa wa Inna, ki faɗa wa duk wanda kika gamu da shi a Takanamat, har matan rijiya da sunka ce ɗiyata ɗiyar mai kisa ce. Ki ce ubanta na gida.