Ɓarawon da Ya Shafa wa Sifana Mai

Ga ta nan, ga ta nanku. Af, ban ji amsa ba. Yawwa, ta zo mu ji ta. To ku gyara zama.

Wata safiyar Litinin, Sufeto bai ko gama rataye hularsa ba sai ga mutum biyu a gaban kantar ofishin 'yan sanda. Ɗaya tsohon makanike ne mai gareji a bayan kasuwa, kowa Baba yake ce masa. Ɗayan babban ɗansa ne, wanda 'yan gareji ke kira Yaya, ƙato ya doshi arba'in, sai huci yake kamar kububuwa.

"Ranka ya daɗe, an kwashe mini kayan aiki," in ji Baba. "Sifana, filaya, guduma, zarto, abin da ke akwatin kaf. Shekara arba'in suna hannuna, ko ɗigon tsatsa babu."

"Yallaɓai, ba sai kun wahala ba," Yaya ya tari numfashinsa. "Kwaɗon akwatin lafiya lau yake. Makulli biyu ne, ɗaya wurin Baba, ɗaya wurin ɗan lelensa, mijin autarmu. A je a kamo shi kawai."

"Kai ba ka da makulli?"

"Ni? Ai ni ɗan cikinsa ne kawai, Yallaɓai. Makulli sai manya."

Sufeto ya ɗago ya dube shi. Ya san irin muryar nan. Ita ya ji a nasa bakin ranar da aka ƙara wa wanda ya koya wa aiki girma, shi aka tsallake shi. Ya mayar da hularsa ka, ya ce wa Kofur ya tayar da mota.

Garejin rumfa ce ta kwano, da ramin duba ƙarƙashin mota a tsakiya, da ɗan ɗaki a gefe. Akwatin ƙarfen yana cikin ɗakin, wayam. Baba ya shiga bayani tun ba a tambaye shi ba, kun san tsoho da abin da yake so.

"Kullum kafin a tashi sai an goge kowanne da tsumma, a shafa masa baƙin mai da aka sirka da kananzir. Sai a sa gawayi a kusurwar akwati ya shanye danshi. Ƙarfe ai kamar jariri ne, ba a kwantar da shi da jiƙa."

Sufeto bai kula kwaɗon ba. Ya sa Kofur ya jawo akwatin daga jikin bango. Notuna huɗu ne ke riƙe da murfin ta baya, kuma kan kowanne akwai sabon karce yana sheƙi.

"Kofur, in kana da makullin ɗakinka, ta taga kake shiga?"

"Sai in matata ta sa sakata, Yallaɓai."

Aka kira surukin. Siriri ne, mai fenti, farcensa duk ja saboda fentin da ake fara shafa wa mota bayan an kankare tsatsa.

"Jiya da rana, da gareji ke rufe, ina kake?"

"Ina gida, Yallaɓai. Ban fita ba."

Daidai nan matarsa, autar Baba, ta faɗo garejin da goyo a baya, mayafi a hannu.

"Don Allah ku ƙyale shi! Wallahi jiya tun hantsi ya fita, bai ko biyo ta nan ba!"

Ita a ganinta ceto ta yi. Yaya ya tafa hannu.

"Kun ji ko? Ramin ƙarya ƙurarre ne! Baba, ga ɗan naka."

Suruki ya sunkuyar da kai. Da Sufeto ya ja shi gefe, sai ya faɗi gaskiya a hankali: shago ya je dubawa can ƙarshen gari, yana so ya buɗe nasa.

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Kunyar Baba. Ya riƙe ni kamar ɗa. Amma tun ranar da ya ba ni makullin nan, Yaya bai sake amsa gaisuwata ba. In na wuce, sai ya tofar da yawu. Na gaji, Yallaɓai."

Sufeto ya aiki Kofur wurin mai shagon ya tabbatar, shi kuma ya koma ɗaki.

"Baba, ban da kayan aiki, me ya ɓata?"

Tsoho ya waiga. Ya ɗaga gwangwanin mai, ya girgiza.

"Ikon Allah. Shekaranjiya na cika shi, ga shi ya koma rabi. Tsummokarana ma babu. Har gawayin."

"Ɓarawon tsumma," in ji Sufeto. "Yau na ga sabon salo."

Ya fita bayan rumfa, hannu a baya, yana tafiya kamar mai neman inuwa. A can ƙurya akwai wata tsohuwar babbar mota, shekara goma ba ta motsa ba. Tsatsa ta cinye ta har ana hango ciyawa ta ƙasan bodin.

"Wannan gawa ce, Yallaɓai," in ji Yaya, wanda ke biye da shi ƙafa da ƙafa. "Ƙofarta ma ta manne. Ka bari kar ta ɓata maka kaki."

Sufeto ya duƙa. Ɓarɓashin tsatsa ne zube a ƙasa, sabo, ba a ko taka ba. Ya dangwala yatsa a mahaɗin ƙofar, ya fito da shi baƙi ƙirin da mai. Ya ja ƙofa. Ta buɗe salin-alin, ko ƙara babu.

A ƙarƙashin kujera ga ƙunshi-ƙunshi a jere, daga babba zuwa ƙarami, da gawayi a kusurwa. Ya kwance ɗaya. Sifana ce, an shafe ta da mai tana walƙiya.

Aka kira kowa. Kofur ma ya dawo, ya ce mai shago ya shaida suruki na wurinsa har la'asar.

"Mai fenti, ya kake adana kayanka?" in ji Sufeto.

"Da man feshi na gwangwani, Yallaɓai. Ban iya naɗin nan ba. Baba kullum dariya yake mini."

"Baba, duba ƙullin nan."

Tsoho ya karɓa. Ya juya ƙunshin, ya ga an naɗe baki, an ninka gindi, an soke wutsiyar tsumman ciki. Sai ya zauna a kan wata taya.

"Mutum biyu ne suka iya wannan a duniya. Ni, da wanda na koya wa tun yana ɗan shekara bakwai."

Yaya ya buɗe baki zai yi rantsuwa, sai ya rufe. Can ya fashe.

"E, ni ne! Magudanar ruwa na nufa da su, su ruɓe a can, shi kuma ya ruɓe a gidan yari. Har bakin ruwan na kai su. Na tsaya, na tsaya, hannuna ya ƙi saki. Shekara talatin ina shafa musu mai, Baba! Ko zazzaɓi nake sai na shafa. Ka taɓa ce mini sannu? Wannan ya zo jiya-jiya, sai 'ɗana, ɗana', sai makulli a gaban kowa!"

"Shi yake riga kowa zuwa, shi ya sa na ba shi," in ji Baba. "Kai kuwa, mutum yana yi wa hannunsa sannu?"

"Da ka yi, Baba. Ko sau ɗaya."

Auta ta rushe da kuka, ba ta san wa za ta riƙe ba, yayanta ko mijinta. Sufeto ya yi wa Kofur alama ya mayar da ankwa aljihu. Shi da kansa ya dafa kafaɗar Yaya, suka taka zuwa mota.

Baba ya yafe satar, amma hukuma ba ta yafe ƙazafin ba, Yaya ya yi wata uku a tsare. Da ya fito bai koma garejin ba, direban babbar mota ya zama. Suruki ya mayar da makulli, ya buɗe shagonsa a ƙarshen gari, Auta tana kai wa mahaifinta abinci kullum da rana. Sufeto ya yi ritaya yana sufeto. Baba kuwa ya rage aiki, ya kan zauna bakin gareji yana duban manyan motocin da ke wucewa.