A Bar wa Iska Hanya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa. Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata mata ce, sana'arta tsara cikin gidaje. Ita ke nuna inda taga za ta zauna, ta zaɓi fentin da ba ya sa tari da katakon da gara ba ta ci. A hannun mahaifinta magini ta tashi, kafin ta je ta yi karatu mai zurfi. Duk gidan da ta shiga, tambayarta ta farko ita ce, ta ina yake numfashi?

Da ta zo gyara gidan tsohon nata, inda suke zaune da 'yarta budurwa, sai ta ga wata 'yar kafa can sama a bangon falo, wadda tafin hannu zai rufe.

"'Yar nan, ki bar wa iska hanya," in ji tsohon.

"Haba Baba, wace iska ce za ta bi ramin ɓera? Taga uku zan fasa maka. Ka bar ni da aikina, zamaninku ya wuce."

Ya sake faɗa, ta yi dariya. Aka toshe kafar, aka shafe, aka yi fenti. Kafin damina ta faɗi Allah ya yi wa tsohon rasuwa.

Wata rana da magariba, tana ninke labule, tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Sai wata. Ta leƙa tsakar gida, ba kowa, ko ganye ba ya motsi. Washegari a daidai lokacin, aka yi ta ƙwanƙwasa bangon falo daga cikinsa, a hankali, kamar baƙo mai kunya. Rana ta uku ta tarar da 'yarta a tsaye kan kujera, tana kartar fentin da farce har jini, numfashinta yana sarƙewa.

Aka je asibiti, ba a ga komai ba. Yarinya ta yi ta ramewa. Sai aka kira wani malami dattijo. Ya zauna, ya daɗe yana karatu, har yarinyar ta ɗago kai, ta yi magana da muryar da ba tata ba.

"Shekara arba'in maginin nan yana yi mini sallama in na zo wucewa."

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Tambayi uwarta mai zurfin karatu. An ce mata a bar wa iska hanya. Ta ɗauka iska ɗaya ce a duniya."

Matar ta ce, "Wallahi ban gane ba."

"Ba ki tambaya ba dai. Kin toshe mini hanya, ni ma na toshe numfashin 'yarki."

"Ba ka da haƙƙi a kan yarinya," in ji malam. "Faɗi abin da zai raba ku."

Sai muryar ta ce:

"Ta fasa da hannunta. In fita, ba kuma zan dawo ba. Amma zan tafi da abin da nake shigowa da shi."

Matar ba ta tambayi mene ne ba. Ta ɗauki gudumar mahaifinta, ta hau kujera, tana duka tana kuka har kafar ta buɗe. Wani sanyi ya bi ta gefen kunnenta ya wuce. Yarinya ta ja dogon numfashi, ta ce, "Mama, ruwa."

Yarinya ta warke. Amma tun daga ranar labule bai ƙara motsi a gidan ba. Taga uku a buɗe, iska na kaɗa bishiyar maƙwabta, ba ta shigowa. Danshi ya hau bango, fentin ya kumbura. Dole ta tura 'yarta wurin ƙanwarta, saboda ƙirjin yarinyar.

Har yau tana gyara gidajen mutane, suna yabawa. In ta dawo da magariba, sai ta tsaya ƙarƙashin kafar ta yi sallama. Ba mai amsawa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don Gizo ba, da kun ce ƙarya na shara muku.