Layin Matattu a Rumfar Surajo

Wanda ya san Surajo yana yawon liƙa fosta a Gummi ba zai ce shi ne mai benen nan da ciyawa ta cinye ba.

Zaɓen shugaban ƙasa ya matso. Uban gidansa ya ce duk wanda ya kawo rumfar zaɓensa, kwangila tasa ce. Rumfar Surajo kuwa kango ce. 'Yan bindiga sun kori rabin ƙauyensu, sauran sun rantse ba su ƙara fitowa.

Da rana tsaka ya hau babur zuwa wani tsohon ramin zinari a dajin Bukkuyum, wurin boka Audu. Ƙwaryar jini ce a bakin ramin, an kewaye ta da fararen duwatsu, ko ƙuda bai sauka.

"Masu rai sun ƙi ni," in ji Surajo.

"To matattu na so," in ji boka. "Ɗebo ƙasar maƙabartarku, ka kwaɓa da tawadar dangwale. Amma kai ɗan siyasa ne, ka san wanda yad dangwala sai an sallame shi."

"Taliya ko sabulu?"

"Mamaci mi zai yi da sabulu?"

"To mi suka so?"

"Su ka faɗi, ba ni ba."

Surajo ya yi tsaki, ya ce su faɗa daga baya.

Ranar zaɓe tsofaffi kaɗan suka fito, amma akwati ya cika har murfi ya ƙi rufuwa. Jam'iyyarsu ta ci. Aka yi ta musu a rediyo, wasu na cewa zaɓin jama'a ne, wasu na cewa fashi ne. Surajo ya kashe rediyon, ya karɓi kwangilarsa, ya tada bene.

Wata safiya matarsa Basira ta nuna masa babban yatsanta.

"Baban Nusaiba, ni da ban yi zaɓe ba, ina nis samo tawada?"

Ta wanke da omo, ta goga da dutse, tabon bai fita ba. Kafin Juma'a an binne ta. Sai tabon ya fito a yatsan Nusaiba, yarinyar da ko katin zaɓe ba ta isa yi ba. Inna, mahaifiyar Surajo, kuwa ta koma tsayuwa a tsakar gida ita kaɗai tana cewa mutane su daina turereniya, kowa zai samu.

Surajo ya koma ramin da kuɗi cikin buhu.

"Ka ce su karɓa su tafi."

"Mutum nawa sunka dangwala maka?" in ji boka. "Mutum nawa ag gidanka? Layin da saura."

Yau Surajo yana bakin makarantar da aka yi zaɓen, yana cizon yatsansa, yana roƙon masu wucewa a soke sakamakon. An rantsar da wanda aka rantsar, ba mai sauraronsa.

Kai mai kwaɗayin kwangila, ka ji tsoron Allah. Ƙuri'ar da mai rai bai ba ka ba, da jinin gidanka za ka biya ta.