Ɗakin Tsintsiya

Wayar na soma ruri Dakta ta tuɓe safar hannu, ta ruga ɗakin ajiye tsintsiya ta jawo ƙofa. A nan take amsa kiran bidiyon masoyinta kullum.

To da wane ido za ta nuna masa sabon ɗakin gwajinta? Tare suke binciken sauro a jami'arsu har yaƙi ya rushe ginin. Gurbi ɗaya aka bayar a ƙasar waje, shi ya matsa ta tafi. Yau ga wuta, ga na'urori, takardun bincikenta sai fita suke yi. Shi kuwa Malam, masoyin nata, yana can yana kiwon ɗan sauron da ya tsira a kicin ɗin mahaifiyarsa. Ko abinci ta ci sai ta ji kamar ta sata.

"Saurona..." ya ce.

"Na'am, rabin raina. Lafiya?"

"Ki yafe min. Ni na cuce ki."

Ta ƙura wa wayar ido.

"Na tura ki bincike, kin koma shara. Kullum bokiti da tsintsiya nake gani a bayanki, ina yin kamar ban gani ba. Na kasa riƙewa, na gaya wa Ummanki. Ta ce na kashe miki rayuwa, in fita hanyarki..."

"Me ka ce mata?"

"Na ce to."

Wayyo! Ashe ɓoyon da take yi don kada ransa ya sosu, shi ke cinsa.

"Kar ka kashe!" ta ce cikin kuka.

Ta banko ƙofa, ta juya kyamara, ta bi da shi lungu-lungu: firiza, kejin sauro jere, teburinta, farar rigarta.

"Nan nake aiki. Kunya ce ta hana ni nuna maka. Na samu komai, kai ka rasa komai..."

Ya matso da fuskarsa kusa da wayar, yana ƙare wa ɗakin kallo.

"Waccan na'urar ta kusa da taga... irin wadda muka yi ta roƙo a saya mana ce?"

"Ita ce."

Ya share ido da bakin riga, yana 'yar dariya.

"Muguwa kawai! Zan koma wurin Umma in janye maganata. Amma tukuna, kunna min ita in ji ƙararta."