Wasiƙar da Aka Buga da Hannun Hagu

Ranar da Huda ta fara ganin Nasrullahi, yana zaune ne a shagon buga takardu na Madam Roda a cikin Mubi, hannunsa na dama rataye a ƙirji, na hagu yana kai-komo tsakanin madannai da linzamin kwamfuta. Babur ne ya kayar da shi a hanyar Kolere da damina, likita kuma ya ce yatsun ba za su sake motsi ba. Madam Roda ta ba shi wata guda: in saurinsa bai dawo ba, dole ta nemi wani.

Huda, ɗalibar ilimin kwamfuta da ta kawo aikin makaranta, ta daɗe tana kallonsa kafin ta yi magana.

"Malam, ka gafarce ni. Ka saki linzamin nan. Yawancin abin da kake nema yana ƙarƙashin hannunka na hagu."

Ta nuna masa Ctrl da C na kwafa, Ctrl da V na liƙawa, da Alt da Tab na tsallakawa daga shafin intanet zuwa takarda.

"Madannan da suka yi wa juna nisa fa? Yatsuna biyar ne kacal."

"Danna Shift sau biyar. Kwamfutar za ta riƙe maka ɗaya har ka kai ga ɗayan."

Bayan mako uku saƙonsa ya shigo wayarta:

"Malamata, yau shafi ashirin na buga ban taɓa linzami ba. Madam ta ce kujerar tawa ce. Bayan Allah, ke ce. Ko za a yarda ɗalibi ya zo gaida Baba?"

Ta amsa: "Alhamdu lillahi. Ɗalibina, a rage yabo, a yawaita danna Ctrl da S na adana aiki, wutar lantarkin garin nan ba ta sallama. Ka zo ranar Juma'a."

Mahaifinta, Alhaji Ɗanjuma, dillali ne a kasuwar shanu. Ya karɓi baƙon da mutunci, amma da ya tafi sai ya kira 'yarsa.

"Ba na raina abin da Allah ya ƙaddara. Sai dai mai buga takarda da hannu ɗaya, da me zai riƙe gida? Ga ɗan aminina na Belel, tun bara yake jira."

"Baba, ba zan saɓa maka ba. Roƙona ɗaya ne: ka je ka ga aikinsa."

Ranar Talata da hantsi Alhaji ya shiga shagon, ya ce wasiƙa zai aika wa yayansa a Gusau. Ya riƙa faɗa yana sauyawa. "Goge wannan. A'a, mayar da shi. Kai wancan layin sama." Kafin ya rufe baki an yi.

Sai ya iso ga maganar: yana roƙon yayan ya zo Mubi bayan Sallah, ya zama waliyyin Huda. Nasrullahi ya san da zancen Belel, sai ya ɗauka da wancan za a ɗaura. Ya yi salati a zuci, ya ci gaba da bugawa.

"Sunan ango fa, Alhaji?" in ji Nasrullahi.

"Kai ba ka san sunanka ba ne?"

Madam Roda ta saki guɗa daga bayan injin hoton takardu.

"Sauri na zo gani, na kuwa gan shi," in ji Alhaji. "Amma wanda zai buga takardar auren da yake zaton na wani ne, bai ɓata harafi ɗaya ba, shi zan ba amanar 'yata."

Mako biyu bayan Sallah aka ɗaura aure. Da aka shafa fatiha, Nasrullahi ya tura mata saƙo: "Hasken idona, an ɗaura. Na gode wa Allah, na gode miki."

Allah ya sanya albarka a gidansu, ya ba su zuri'a ta gari.