Wutar da Aka Rufe da Baƙin Salatif

Akwai wata yarinya a birnin Hujand. Tana aji biyar a firamare. Babanta ya tafi Rasha aikin gini, ya bar ta ita da mahaifiyarta, wadda take kira Ocha.

Ba su daɗe da tarewa a unguwar ba. Yarinyar ba ta yi ƙawaye ba tukuna. Ocha kuma tana aikin jinya a asibiti, sai yamma take dawowa, a gajiye. Idan an tashi daga makaranta, yarinyar takan tarar da gida shiru. Takan ci gurasa da shayi ita kaɗai.

Babanta ya bar tsohuwar motarsa fara a tsakar gida. Ocha ta koyi tuƙi bayan tafiyarsa, amma ba ta cika hawa ba sai ranar kasuwa. Yarinyar takan ɗauki makulli ta shiga motar ta zauna. Har yanzu kujerar tana ƙanshin sabulun babanta. Takan riƙe sitiyari ta ba shi labarin makaranta, kamar yana zaune kusa da ita.

Ocha ta sani, ba ta hana ta ba. Abu ɗaya ta ce: kada ta kuskura ta tayar da inji.

Wata rana kewa ta ishe ta. Tana so ta ji ƙarar da take ji idan babanta zai fita da safe. Ta murɗa makulli. Inji ya tashi. Ƙananan fitilun da ke bayan sitiyari suka kama, sannan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ce ta ƙi mutuwa, ruwan ɗorawa, mai siffar inji.

Ta kashe, ta sake tayarwa. Wutar tana nan.

"Na lalata motar Baba," ta ce a ranta.

Ta buɗe akwatin kayan aikinsa, ta sami baƙin salatif. Ta yanki ɗan ƙarami, ta manna a kan gilashin, daidai inda wutar take. Da ma wurin baƙi ne. Ba mai lura.

Daga ranar ta daina shiga motar. Yanzu ba ta da ko inda za ta zauna. Idan babanta ya kira a waya ya tambayi lafiyar motar, sai ta miƙa wa Ocha wayar ta tashi.

Makonni suka wuce. Ocha ta fara ƙorafi cewa motar tana shan mai fiye da da. Salansa tana fitar da baƙin hayaƙi mai wari. Amma ta ce tunda ba wata wuta da ta kama, ƙila man ne ba shi da kyau. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Lokacin tsinkar inabi ya zo. Kakarta, Bibi, ta aiko cewa su zo ƙauye ranar Lahadi. Duk dangi za su taru a gona, har da 'ya'yan kawunta, Gulruh da Sino. Yarinyar ta yi murna ƙwarai. Ta daɗe ba ta yi wasa da kowa ba.

Suka kama hanya da safe. Da suka fara hawan tudu, motar ta soma rawa. Ta yi tari, ta yi tari, sannan ta mutu. Ocha ta murɗa makulli har ta gaji.

Suka fito suka zauna a bakin hanya. Ba gida, ba bishiya, sai duwatsu da busasshiyar ciyawa. Ocha ta kira mijinta, wayar ba ta shiga ba. Ta rufe fuska da gyalenta. Yarinyar ba ta taɓa ganin Ocha haka ba.

Can wani mai babbar motar kankana ya tsaya. Ya ɗaura igiya, ya ja su zuwa garejin wani bakanike, dattijo mai farin gemu. Sunansa Usto Haknazar.

Usto ya sansana hayaƙin da ya manne a bakin salansa, ya yi dariya. "Ƙanwata, motar nan tana shan mai kamar baƙo ya sami shayin gidan biki."

Ya ɗauko wata 'yar na'ura, ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Ya karanta abin da ta nuna. Ya ce ƙwaƙwalwar motar ta daɗe tana kuka da wata na'urar jikin salansa da ake kira sansa. Sai ya tambayi Ocha ko wata wuta ruwan ɗorawa ba ta kama ba.

Ocha ta ce ba ta ga komai ba.

Usto ya murɗa makulli, ya leƙa. "To, ƙwan wutar ma ya mutu ke nan. Sai na kwance gaban motar duka. Yau ba za ku tafi ba."

Ya miƙa hannu zai ɗauki sukundireba.

"Usto, kada ka kwance," in ji yarinyar. "Ƙwan bai mutu ba."

Ta sa farce ta ɓare salatif ɗin. Wutar ta bayyana. Sai ta fashe da kuka, ta faɗi duk abin da ya faru.

Ocha ta zuba mata ido.

Usto ya tsuguna a gaban yarinyar. "'Yata, ba ke kika ɓata sansar ba. Tsufa ta yi. Zo ki gani."

Ya jira salansa ta huce. Ya ba ta tocila, suka sauka ramin da ke ƙarƙashin motar. Ya nuna mata wani ɗan ƙarfe mai waya, a soke a jikin salansa. Ya ce wannan ce sansar, ita ce hancin mota. Tana shaƙar hayaƙi, ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Da hancin ya mutu, sai motar ta riƙa zuba wa inji mai barkatai.

Ya duba wayar sansar tukuna, ya ga ba ta tsinke ba. Ya cire ta daga soket. Ya fesa mai a gindin sansar domin tsatsa ta saki. Ya sa sifana ya murɗa da ƙarfi. Da ta fito, bakinta baƙi ƙirin.

"Da kun zo ranar da wutar ta kama, wannan kaɗai zan canja," in ji shi. "Amma yanzu yawan mai ya toshe fulogi. Shi ya sa kuka tsaya a hanya."

Ya aika aka kawo sabuwar sansa da fulogi daga cikin gari. Jiran ya yi tsawo. Yarinyar da Ocha suka zauna a kan benci.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?" Ocha ta tambaya.

"Kullum a gajiye kike. Kuma na karya dokarki."

"Da na yi miki faɗa, gaskiya ne. Amma da tuni faɗan ya wuce. Ke kuwa kin yi makonni kina ɗauke da wannan ke kaɗai." Ta jawo ta jikinta. "Ni ma ina kewar babanki. Mu biyu ne a gidan nan. Kada ki ƙara ɓoye mini abu."

Da kayan suka iso, Usto ya ɗaura sansar da hannu tukuna, sannan ya ƙara mata ƙarfi da sifana. Ya jona wayar, ya canja fulogi, ya goge tsohon saƙon matsalar daga ƙwaƙwalwar motar da na'urarsa. Ocha ta tayar da inji. Fitilu suka kama, suka mutu duka. Motar ta daina rawa.

Sai la'asar suka isa ƙauye. An gama tsinkar inabi, an kwashe kwanduna. Yarinyar ta ji zafin abin, domin ta san ita ta jawo. Amma Gulruh da Sino suka rugo suka rungume ta. Bibi ta zubo musu shinkafa da nama mai zafi, ta ce su kwana biyu. Yaran suka ja yarinyar zuwa gona, suna neman ragowar inabin da ya ɓuya a bayan ganye. Ocha tana jiyo dariyarta daga tsakar gida.

Yarinyar ta koyi darasi. Rufe matsala ba ya kawar da ita, sai dai ya ƙara mata girma. Idan ka yi kuskure, ko ka ga abin da ya ba ka tsoro, ka gaya wa babba da wuri.